Marurun da Ke Ɓoye a Bangon Jijiya

Bayan sallar la'asar ne, a majalisar da kawuna ya saba zama can wajejen Ƙofar Marusa a Katsina. Yana riƙe da kofin shayi, yana ta mitar tsadar taki, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannu ya ƙi. Wani abokinsa ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a cakuɗe kamar ta mai magagin barci, gefen bakinsa kuma ya karkace.

Gida aka kai shi. Aka kira malami ya yi tofi, aka ɗura masa rubutu yana ƙwarewa, washegari wanzami ya zo ya yi ƙaho. Gwaggonmu ta rantse jifa ne. Hujjarta kuwa ba ta banza ba ce: mutumin da ya je kasuwa da safe a kan babur ɗinsa, ya ci tuwonsa, bai taɓa kwanciya jinya ba, ta yaya zai zube haka kawai? Sai a kwana na uku muka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton kan da aka ɗauka ya duba, ya ce da ni, "Malam, yaushe abin ya same shi?" Na ce shekaranjiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da rubutu.

Tambayar gwaggo tana da amsa, amsar kuma ita ce kawu ba lafiya ce da shi ba. Abin da ya kayar da shi a minti ɗaya ya yi shekara ashirin ko talatin yana girma a jijiyar wuyansa, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba wata alama da za ta sa mutum ya nemi magani.

Yawancinmu idan aka ce maiƙo ya toshe jijiya, kwatar unguwa muke hangowa: leda da yashi suna taruwa sannu a hankali har ruwa ya rasa hanya. Wannan kwatance ya kama gefe ɗaya na gaskiya, ya bar gefen da ya fi kisa. Maiƙon ba a cikin hanyar jini yake kwanciya ba, cikin bangon jijiyar yake kutsawa. Kowace jijiya da ke ɗauko jini daga zuciya tana da shimfiɗa mai santsi daga ciki. Hawan jini, hayaƙin taba da yawan suga a jini suna ƙuje wannan shimfiɗa. Ta wurin ƙujewar nan wani nau'in maiƙo da likitoci ke kira kolestarol, musamman samfurinsa marar kyau, yake shigewa ƙarƙashi ya maƙale, ya lalace kamar man da ya daɗe a kasko.

Jiki ba ya barin baƙon abu ya zauna masa. Sai ya tura dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini. A cikinsu akwai wata ƙwaya da wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya fara bayyana aikin irinta a 1882, har ya samu lambar Nobel a 1908. Sunanta a likitance makurofaj, ma'anarsa da Girkanci babban maci. Da Hausa babu sunan da ya dace da ita kamar acici. Aikinta haɗiye duk abin da bai kamata ya kasance a jiki ba, ƙwayar cuta ce ko gawar wata ƙwaya. Ita ce 'yar sintiri, ita ce kuma mai kwashe shara. Idan ta tarar da maiƙo a bangon jijiya sai ta hau ci. Matsalar ita ce ba ta san ƙoshi ba, maiƙon kuma bai daina shigowa ba. Tana ci tana kumbura har ta koma kamar kumfa, ta mutu a wurin. Kafin ta mutu ta aika kira, wasu su zo, su ma su ci su mutu. Da haka ake samun curi mai taushi a tsakiya, cike da maiƙo da gawarwakin ƙwayoyi, jiki kuma ya saƙa masa wata fata ya rufe shi daga hanyar jini.

Duk wanda ya taɓa yin maruru ya san sauran labarin. Akwai mai kauri wanda bai nuna ba, akwai wanda ya yi ruwa, fatarsa ta yi siriri tana sheƙi, taɓawa kaɗan ya fashe. Haka curin jijiya yake. Acici da suka harzuƙa suna fitar da sinadaran da ke cinye fatar da ta rufe shi. Masu binciken gawa sun auna, sun ga curin da ya fi saurin fashewa fatarsa ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Ranar da ta tsage, jini ya haɗu da abin da ke ciki, sai ya ɗauka rauni ne ya daskare a kai. Cikin mintuna gudan jini ya rufe hanya. Idan a jijiyar zuciya ne, shi ne bugun zuciya. Idan a jijiyar wuya ne, gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. A ƙafa kuwa abin ya fi zuwa a hankali: sha-raɓa ta riƙa ciwo idan an yi tafiya, ta lafa idan an tsaya, ko gyambo ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon suga.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne da yawan waɗanda suka yi bugun zuciya, curin da ya fashe musu bai ma toshe rabin hanya ba kafin ranar. Babban curi mai tauri yana iya zama shekaru yana sa mutum haki ba tare da ya kashe shi ba, ƙarami mai zafi a ciki ya kayar da shi a majalisa. Ke nan girman curi ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Abin tambaya shi ne, wuta nawa ke ci a cikinsa?

Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce ko ta zamani. A 2013 an wallafa binciken da aka ɗauki hoton gawarwaki 137 na mutanen dā, ciki har da na Misira zamanin Fir'aunoni, aka ga alamunta a kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada kuma matashi ya ce ta tsofaffi ce. A 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar fiye da kashi 70 cikin ɗari abin ya riga ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu.

Tun 1913 wani likita a Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun lalace, daga nan hankalin duniya ya tafi kan maiƙo. Sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, musamman bayan wata maƙala da Russell Ross na Amurka ya wallafa a 1999, aka yarda sosai cewa cutar ta kumburi ce kamar yadda take ta maiƙo. Daga nan tunani ya sauya. Tunda acici ne ke hura wutar, me zai hana a bi sawunsu a gano curin da ya nuna, sannan a lallashe su ko a ɗaure musu hannu?

Dabarar ganin su tana da ban sha'awa, domin da kwaɗayinsu ake kama su. Acici da ya harzuƙa yana shan suga fiye da ƙwayoyin da ke kewaye da shi. A 2002 James Rudd da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka yi wa masu alamun shanyewar jiki allurar wani suga da aka liƙa wa sinadari mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, suka sa su a na'urar hoto ta PET. Curin da ya haddasa musu matsala ya fi haske, domin nan acici suka taru suna sha. A 2003 wasu likitoci a Holan suka bi wata hanya: suka zuba ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a jini, acici suka haɗiye, wurin ya fito baƙi a na'urar hoto mai maganaɗisu ta MRI. Sugan yana da cikas ɗaya, shi ne tsokar zuciya ita ma mai shan suga ce, sai haskenta ya rufe na jijiyoyin da ke kanta. Shi ya sa a 2017 masu binciken Kambirij suka gwada wani sinadari da aka saba neman wani nau'in ciwon daji da shi, wanda ke manne wa acici masu zafi ya ƙyale tsoka.

Maganar magani ta fi wannan sarƙaƙiya. A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da Paul Ridker na Jami'ar Harvard ya jagoranta, mutum 10,061 da suka taɓa yin bugun zuciya. An riƙa yi musu allurar kanakinumab duk bayan wata uku, maganin da ke toshe ɗaya daga cikin saƙonnin da acici ke kiran 'yan'uwansu da shi. Bai rage maiƙon jini ba, amma sake bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwa daga cikinsu sun ragu, idan aka haɗa su gaba ɗaya, da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan ya tabbatar da cewa kashe wutar kaɗai yana da amfani. Sai dai waɗanda suka mutu sakamakon kamuwa da ƙwayoyin cuta sun ƙaru, abin da ba mamaki, tunda 'yan sintirin gari aka rage wa ƙarfi. Ga kuma tsadar da ta fi ƙarfin talaka ko a Amurka. Ba a amince da shi a matsayin maganin zuciya ba.

Sai aka koma ga wani tsohon magani mai araha, kolcisin, wanda aka daɗe ana ba masu wani ciwon gaɓoɓi mai kama babban yatsan ƙafa. Gwajin da aka jagoranta daga Kanada a 2019 kan mutum 4,745, da wani na Ostireliya da Holan a 2020 kan mutum 5,522, duka sun nuna raguwar haɗari, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙaramin awo nasa a 2023. Amma a 2024 wani gwajin mai mutum fiye da 7,000 bai ga bambanci ba, don haka har yanzu likitoci na muhawara. Na ambaci sunansa ne da fargaba, saboda na san halinmu da kemis. Tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke kisa a kolcisin kaɗan ce, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda ko hanta, kuma ba ya jituwa da wasu magunguna. Wanda ya saye shi da kansa ya sayi guba.

Akwai kuma aikin da ya fi burge ni, ko da yake yawancinsa a jikin dabbobi yake. A 2016 Nicholas Leeper da tawagarsa a Jami'ar Stanford suka gano cewa ƙwayoyin da ke mutuwa a cikin curi suna ɗaga wata alama mai nufin kada a taɓa su, sai acici su wuce su bar shara tana ruɓewa. Da aka toshe alamar a jikin ɓeraye, curin ya ragu, amma acici suka hau cin jajayen ƙwayoyin jini, aka samu ƙarancin jini. A 2020, tare da Bryan Smith na Jami'ar Jihar Michigan, suka cusa wani magani mai toshe tasirin alamar a cikin wasu ƙananan bututai da ido ba ya gani, waɗanda fararen ƙwayoyin ke haɗiyewa da kansu su kai su har cikin curi. Wato an ba ɗan sintiri saƙo ya kai gidan da kansa.

To, ina Katsina a cikin wannan labari? A gaskiya da nisa. Sinadarin sugan nan mai haske rabin ƙarfinsa ke tafiya duk bayan minti 110, don haka sai an ƙera shi kusa da inda za a yi amfani da shi, da injin da ke cin kuɗi da wutar lantarki marar yankewa. Ko a Ingila da Amurka ba a ɗaukar wa kowa irin wannan hoto don neman curi, aikin bincike ne. Na kawo labarin ne saboda dalili biyu. Na farko, mu gane cewa abin da ke kayar da mutanenmu yana da suna, yana da siffa, har hotonsa an ɗauka. Na biyu, saboda masu lasifika a tasha da bakin kasuwa, da 'yan'uwansu na Facebook da TikTok, masu sayar da ruwan jarka da sunan wankin jijiya. Manyan jami'o'in duniya sun shafe shekaru suna neman yadda za su isa cikin bangon jijiya ba su gama ba. Abin da ke cikin bango ba ya wankuwa da tsimi, kuma ƙaho jinin fata yake ja, ba ya kai wa can. Sau da yawa ribar da ake samu a jarkar nan ita ce ciwon ƙoda.

Abin da ke hannunmu kuwa an riga an auna shi a kan mutanenmu. A 2018 aka wallafa wani babban bincike da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya. An kwatanta mutum 2,118 da jikinsu ya shanye da wasu 2,118 da nasu bai shanye ba. Kusan kashi biyu cikin uku toshewar jijiya ce ta same su, sauran kuwa jijiya ce ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ba duk toshewa ce ke fitowa daga curi ba, amma uban tafiya a duka ɓangarorin ɗaya ne, hawan jini, wanda aka alaƙanta da kusan tara cikin goma na shanyewar. Bayansa akwai yawan maiƙo a jini, ciwon suga, tumbi, cin nama a kai a kai, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, taba, damuwa da rashin motsa jiki. Cin ganye kullum kuma ya fito a matsayin kariya. Wani nazari na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 27.5 ke da hawan jini a 2020, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka sani, waɗanda nasu ya daidaita da magani kuwa ba su wuce uku cikin ɗari ba.

Idan aka dubi wannan jeri, abincin kakanninmu bai yi laifi ba. Gero, dawa, wake, zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuka da daddawa duk suna ɓangaren kariya. Abin da ya sauya shi ne dunƙule huɗu ko biyar a tukunya ɗaya bayan an riga an sa gishiri, lemon kwalba a kowane biki, tsire da balangu mai kitse kowane dare ga wanda Allah ya hore wa, da man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi. Sai kuma ƙafa da muka jingine. Mutumin da mahaifinsa ke takawa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro bai ji komai ba, shi yanzu masallacin unguwa ma da babur yake zuwa. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ta cika abin da ake nema. Shisha kuwa da samari ke ɗauka ado ce, hayaƙinta yana ƙuje jijiya kamar na sigari.

Duk wanda ya kai shekara arba'in, ko yake da wanda ya yi irin wannan ciwo a gidansu, ya auna jininsa. Idan ana yawan samun 140 bisa 90 ko sama, ya ga likita, ya nemi a duba masa suga da maiƙo da ƙoda. Likita na iya tura shi hoton jijiyar wuya, da irin na'urar da ake duba masu juna biyu. Idan an ɗora shi a kan maganin hawan jini, ba a dainawa don an ji sauƙi, domin dama can ba a jin komai. Maganin rage maiƙo da ake kira sitatin, wanda ya shiga kasuwa tun 1987, bayan rage kolestarol yana kwantar da acici, yana taimaka wa fatar curi ta yi ƙwari. Wato wani ɓangare na abin da ake nema da na'urorin miliyoyi yana nan a ƙwayar da likita ke rubutawa a Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko na Janar Amadi Rimi. Asfirin kuma ba na kowa ba ne, yana iya sa zubar jini a ciki, sai likita ya ce.

Ranar da abin ya zo, alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta cakuɗe, ido ɗaya ya yi duhu. Ko ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora buhu, zafin ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi ga haki. Mutane da yawa suna cewa olsa ce ko ƙwannafi, su sha kanwa su kwanta. Mata da masu ciwon suga wani lokacin ma ba sa jin ciwon ƙirjin, sai kasala da amai da numfashi sama-sama. A irin wannan hali a nufi babban asibiti kai tsaye, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki, kuma sai hoton kai ya nuna toshewa ce ba fashewa ba. Kada a ba wanda jikinsa ya shanye komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu. Maƙogwaronsa ma yakan shanye, abin ya bi ta huhu ya zama wani ciwon. Kawu sai da ya yi jinyar huhu a kan ta ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta buƙatar a tsaya, ana yin ta a cikin mota.

Daga baya ne matar kawu ta tuna cewa kamar mako biyu kafin ranar, yana alwala buta ta faɗi daga hannunsa, harshensa ya yi nauyi na 'yan mintuna, sannan komai ya dawo daidai. Ya ce gajiya ce. Likitoci suna ɗaukar irin wannan da matuƙar muhimmanci: ɗan guntu ne ya ɓalle daga curi ya toshe hanya, ya narke da kansa, babban yana tafe, sau da yawa cikin kwanaki.

Yanzu kawu ya koma majalisa, yana dogara sanda, da hagu yake riƙe kofi, shayin kuma ba suga. Ɗansa ya sayo masa na'urar awon jini mai batir, ya mayar da ita kayan majalisa. Ranar da na je gaishe shi na tarar ya ɗaura wa abokin nan nasa ita a damtse, shi kuma yana ta cewa shi fa garau yake, ko ciwon kai ba ya yi. Kawu ya karkato fuskar na'urar ya duba, ya miƙo mini. Maganarsa har yanzu a hankali take fita. Ya ce, "Karanta masa, ɗana. Ni idan na faɗa zai ce sharri ne."